Tambaya da Amsa: Yarona ya kwashe min kuɗin kati a gem, babansa ya ce sai ya fasa wayar

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan makon. Tunda aka shiga hutun makaranta saƙonnin da ke shigo min kusan duk a kan wasa ne da waya, na ɗauko guda uku, sauran ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam dan Allah a ɓoye sunana, ni a Misfala nake nan Makka. Yarona shekararsa 13, tun lokacin korona da aka koma karatu a waya muka bar mishi tsohuwar wayar babansa shikenan ta zama tashi, yanzu ba shi da aiki sai wasan harbe-harben nan shi da abokansa, sai in tashi sallar asuba in tarar ko runtsawa bai yi ba. Satin da ya wuce na je baƙala, wato kantin unguwa, zan biya da kati aka ce min babu kuɗi, ashe riyal 400 ya cire ya sayi kuɗin gem, kuma wallahi zubin adashi ne. Babansa ya ce sai ya fasa wayar, ni kuma tsorona in an raba shi da ita ya faɗa hara, wato yawon unguwa, ya haɗu da abin da ya fi waya. Ya zan yi? (Wata uwa daga Misfala)

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, Allah kuma ya shirya mana zuri'a. Ki fara lallaɓa Alhaji ya bar wayar nan da ranta tukunna, dan in ya fasa asara ta zama biyu, yaron kuma gobe da wayar aboki zai yi, a inda ba ku gani.

Maganar kuɗi dai babu wani kwana-kwana, ɗaukar abin da ba a ba shi ba ne, ku zaunar da shi ku faɗa mishi haka ido da ido, kuma ya biya. Ba da duka ba, a riƙa cirewa daga kuɗin kashewarsa ko barka da sallarsa har ya cika 400, ki sa shi ya rubuta a takarda da hannunsa duk abin da aka cire. Dalilina shi ne yaran nan ba sa jin riyal a matsayin riyal idan yana cikin waya. Masu yin gem ɗin sai su canza maka kuɗinka zuwa nasu kuɗin na cikin wasa, wani zinare ne wani lu'ulu'u, yaro yana dannawa bai ga an ƙirga komai an miƙa ba. Sannan akwai akwatunan da ake saya ba ka san me ke ciki ba, ko ka dace da rigar da kake nema ko ka tashi da tarkace, sai ka ce bari in sake ko wannan karon. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin wannan akwati da ake saya da kuɗi caca ne ta hana, to kinga ba ƙaramin abu aka ɗana wa ɗan shekara 13 ba.

Yau ɗin nan ki cire katinki daga wayar. In Android ce akwai Family Link, in iPhone ce akwai Screen Time, duka kyauta ne, za ki iya sa wa ba a sayen komai sai an tambaye ki, ki kuma sa lokacin da wayar za ta kulle da kanta. In ba ki iya ba ki ba wata 'yar uwa mai ilimin abin ta saita miki, amma kar ki bari yaron ya saita, kuma kar lambar sirrin ta zama shekarar haihuwarsa. Ki kuma gwada neman a dawo da kuɗin ta shagon manhajojin wayar ki ce yaro ne ya saya ba da izini ba, wani lokacin ana mayarwa in ba a daɗe ba.

Sai maganar barci, wadda ita ta fi damuna fiye da 400 ɗin. Hajiya mu ma fa mun yi wasa, iyayenmu ma sun yi, langa, carafke, 'yar gala-gala, allan-baku, nan Makka kuma ga ƙwallo a lungu bayan la'asar, ga kerem da ake bugawa a kan allo, ga farfira, wato ƙwallon tebur, da ake jerawa a hara da azumi. Amma duk waɗannan suna da ƙarshe, ana kiran magariba kowa ya watse, ko ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabta, ko abokin wasa a kira shi aike. Gem ɗin waya an gina shi ne ba shi da magariba, ana gama zagaye ɗaya maɓallin sakewa na nan yana jira, kullum ka shiga akwai kyauta, kwana ɗaya ka fasa wani abu ya wuce ka, kuma ƙarfe uku na dare ma akwai wanda yake farke a wata ƙasa da za a haɗa ka da shi. To ƙarshen nan ku ne za ku saka mishi tunda wasan bai zo da shi ba. Waya ta kwana a ɗakinku a caji, a tsayar da lokaci ɗaya kowa ya sani, kuma in so samu ne har wayar Alhaji a ajiye a lokacin, dan yaro ba zai ji maganar wanda ke kallon bidiyo har biyun dare ba.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Wasannin nan irin su PUBG da Free Fire yawanci mutum huɗu ne a ƙungiya, zagaye ɗaya yakan kai minti goma zuwa rabin awa, in kika zo tsakiya kika ce kashe yanzu yanzu, a wurinsa kin ce ne ya gudu ya bar abokansa uku a fili, gobe kuma a makaranta za su yi mishi gori, shi ya sa kike ganin yana tada jijiyar wuya kamar ba ɗanki ba. Ki leƙa ki ce wannan zagayen shi ne na ƙarshe, in ya ƙare ka kawo min wayar, sai ki tsaya a kan maganarki. Rabin faɗan zai ragu.

Tsoronki na hara kuma gaskiya ne, haka zafin garin nan da rani yakan wuce 45, ɗakunan haya ƙanana, ina yaro zai je da rana? Wayar ce ta zama dandalinsu. Dan haka in za a rage sai an sa wani abu a gurbin, a haɗu da iyayen abokan nan nasa uku a kama musu filin ƙwallo na haya ko sau ɗaya a sati da daddare, wani babba ya raka su, in an raba kuɗin ba ya da yawa. Alhaji kuma ya daure ya zauna kusa da shi wata rana ya kalli zagaye ɗaya, ya tambaye shi waye wannan da kake magana da shi, a nan zai san ko abokan makaranta ne ko wani ƙato ne da ba a san shi ba, in baƙo ne a rufe makirfon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da gem a jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022, alamun su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan komai, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci har tsawon shekara. Yawancin yaran da ke buga gem ba su kai nan ba, kar ki yi saurin sa mishi suna. Amma in kun yi duk wannan wata biyu uku ya daina cin abinci, ya daina zuwa makaranta, ko ya fara ɗaga muku hannu, ku kai shi wajen likita kar ku ji kunya.

Tambaya: Salam Malam, shekarata 20 ina aiki a shagon kayan waya a Batha nan Riyad. Gem ɗin ƙwallo a Soni, wato PlayStation, babu mai cin ni a cikin abokaina, har hamsin hamsin muke sawa ina kwashewa. Ina ganin miliyoyin da ake rabawa a gasar da ake yi a garin nan, ina so in bar aiki in maida hankali a kai amma yayana ya ce hauka ne. (Wani matashi daga Riyad)

Amsa: Ɗana ba hauka ba ne, sana'a ce ta gaske yanzu. Gasar gem ta duniya, wato Esports World Cup, da aka fara a Riyad a 2024 kyautarta ta haura dala miliyan 60, ta 2025 ta haura miliyan 70, kuma ƙungiyar Falcons ta nan Saudiyya ce ta zo ta ɗaya a duka biyun. Kafin nan ma Musa'id Al-Dosari ya ci kofin duniya na gem ɗin FIFA a Landan a 2018 ya tafi da dala 250,000. Duk gaskiya ne. Amma kuɗin nan ana raba shi ne a kan wasanni sama da ashirin da 'yan wasa daga duk duniya, waɗanda suke da koci da albashi suna atisaye kullum kamar 'yan ƙwallon Hilal da Nasr, kuma a bayan kowane ɗaya da ka gani a dandamali akwai dubbai da suka ba abin shekarunsu ba su samu ko kuɗin intanet ba.

Cin abokanka a shago ba shi ne ma'auni ba. Ka shiga wasa ta intanet ka ga wane mataki kake kaiwa, ka yi rajistar gasannin share fage da ake buɗe wa kowa, ka ba kanka wata shida bayan tashi daga aiki, in kana kaiwa zagayen ƙarshe kana doke waɗanda aka san sunansu to a nan za mu sake magana. Aiki kuma kar ka sake shi, musamman in iƙamarka, wato takardar zama, a kansa take, ka fi ni sanin yadda zama ba takarda yake a ƙasar nan. In kuma tunaninka ka buɗe tasha ka riƙa karɓar talla, ka sani talla a soshiyal midiya sai da lasisi a nan, ka bincika kafin ka karɓi ko riyal ɗaya.

Abin da nake hango maka ma wanda ba ka ambata ba, kana jin Hausa kana jin Larabci kana kuma zaune a garin da aka fara gasar. Samari nawa ne a Kano da Zinder da Wad Madani ta Sudan suke buga gem ɗin nan da za su so a yi musu sharhi ko a koya musu dabaru da Hausa? Koyon haɗa bidiyo da sharhi zai iya ciyar da kai ko ba ka taɓa ɗaga kofi ba.

Hamsin hamsin ɗin nan kuma ka bari daga yau, kowa ya zuba wanda ya ci ya kwashe caca ce, addini ya hana, dokar ƙasar ma ta hana, kuma da haka ake fara rasa abokai.

Tambaya: Malam 'ya'yana mata biyu, 11 da 7, suna buga ludo a waya, in aka ci ƙaramar sai kuka da birgima, sai na riƙa ce wa babbar ta bari a ci ta. Yanzu babbar ta ce ta daina wasa da ita gaba ɗaya. (Wani direba daga Jidda)

Amsa: Malam babbar ta fi ka gaskiya a nan, an mayar da ita mai aikin faranta wa ƙanwa, ina daɗin wasan? Ita kuma ƙaramar ana hana ta koyon abin da wasa ke koyarwa, wato a ci ka ka haɗiye ka ce a sake. Gara ta koya a falo a hannun yayarta da ta koya a waje. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta ya ce wannan ramuwar waccan ce, kaga kowa ya ci da gaske kuma an tashi ana dariya.

In tazarar shekaru ce matsalar a ba ƙaramar fifiko a fili kowa ya sani, kar a yi ta a ɓoye. Kuma ni da za ka ji tawa ka fitar da su daga ludon nan, sa'a ce kawai ta abin da aka jefa, ga shi malamai da yawa ba sa son wasan da ake jefa ɗan ludo saboda hadisin da ya hana nardi, wani tsohon wasa da shi ma jefawa ake yi. Ka samo kwalin ruwa ka zana musu dara, gida 30, layi biyar a shida, ɗaya ta ɗauki ƙwallon dabino 12 ɗaya murfin kwalba 12, a jera ɗaya bayan ɗaya sannan a fara turawa, wadda ta jera uku ta cire ɗan abokiyar wasa. Da farko babbar ta fara da goma ƙaramar da sha biyu, in ƙaramar ta fara kamo hannu a mayar daidai. Ranar Juma'a da ba ka fita aiki kai ma ka zauna ka buga da wadda ta ci, kuma in sun ci ka kar ka ce ganganci ka yi.