Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Littattafai da Wasiƙun Gado

Assalamu alaikum. Kakanmu ya rasu ya bar gafaka uku cike da littattafan rubutun hannu. A cikinsu akwai waƙa mai ɗauke da sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wani dillali kuma ya ce da hannunsa Shehu ya rubuta ta. Ta yaya za mu tabbatar? — Mai karatu daga Gangare, Jos

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Kada ka yi saurin gaskata dillali. Almajirai sun yi ta kwafar ayyukan Shehu tun yana raye har bayan rasuwarsa a 1817, kuma mai kwafa yakan juyo komai yadda ya tarar, har da sunan mawallafi da ramzin shekara, wato haruffan da lissafinsu ke nuna shekara. Ramzin yana faɗa maka lokacin da aka tsara waƙar ne. Ranar da aka zuba tawada a kan takardar da ke hannunka kuwa, wannan wani zance ne daban.

Fara da warƙar ƙarshe. Bayan kalmar tammat (wato "ta kammala"), mai kwafa yakan sa sunansa, wani lokaci da sunan wanda aka rubuta wa, ya roƙa wa iyayensa gafara. In ka ga sunan wani ba na Shehu ba a nan, magana ta ƙare, kwafi ne.

Sai ka ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta daga baya da tocilan. Yawancin takardar da malamanmu suka yi amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take, fatake suka ƙetaro da ita Sahara ta Tarabulus da Masar. A jikinta za ka hango jinjirin wata uku a jere da siraran layuka. Idan har ka ga sunan Andrea Galvani, mai masana'antar takarda a Italiya, ko haruffan AG, to takardar ta ƙarshe-ƙarshen ƙarnin ce ko farkon na 20, Shehu ya daɗe da rasuwa. Alamar wata ukun ita kaɗai ba ta yanke hukunci, domin masana'antu da dama sun yi ta amfani da ita shekara da shekaru.

A kula kuma da bugun kasuwa. Akwai littattafan da aka rubuta da hannu sannan aka ɗauki hotonsu aka buga da yawa a Kano da Zariya, in sun sha hayaƙi da ƙura sai su ruɗi mutum. Tawadar alƙalamin kara tana yin kauri inda aka tsoma, ta dusashe kafin a sake tsomawa. Ta bugu kuwa bai ɗaya take daga farkon layi har ƙarshe.

Ko da kwafi ne, ba abin yarwa ba ne. Sau da yawa bayanan da kakanku ya cusa a gefen shafi da tsakanin layuka, da Ajamin Hausa ko Fulatanci, su masu bincike suka fi nema. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci, ka kai musu hotuna a kwatanta. Haka ma Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna.

Damina ta taɓa wasiƙun mahaifinmu na zamanin haƙar kuza, wasu sun yi funfuna. In kai a manne su da roba? — Wata baiwar Allah, Unguwar Rogo

A'a, Hajiya, don Allah kar ki kai. Zafin injin da gam ɗin robar suna shiga cikin takarda, kuma ba a iya ɓare ta daga baya ba tare da rubutun ya biyo ta ba. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru sai ya bar jan tabo mai maiƙo.

Ki shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan farar takarda a ɗaki mai iska, ba a rana ba, har su bushe sarai. Sannan ki sa takunkumi, ki fita waje, ki share funfunar da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. In da sauran danshi kika goga, cusa ta za ki yi cikin takardar. Waɗanda suka manne da juna ki bar su haka sai ƙwararre ya gani. Cire allura da duk wani ƙarfe mai tsatsa, ki ajiye su a kwance cikin kwali a saman kanta, nesa da bango saboda gara. Ban da leda, tana riƙe gumi. Ambulan ma kada a yar, hatimin gidan waya da ke kansa shi ne shaidar rana da gari.

Wani ya taya wasiƙar sarki mai hatimi, ya ce waje zai fitar da ita. Nawa ya kamata in karɓa? — Ɗan kasuwa, Wuse, Abuja

Alhaji, kafin kuɗi akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan gida da aka yi kafin 1918, har da takardu, cikin kayan tarihi. Ba a sayar da su sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da su ƙasar waje sai da takardar izininta. Hedikwatarta tana nan Abuja, ka fara zuwa can.

Farashi kuwa ba shi da ƙa'ida tsayayya. Abin da ke ɗaga shi: a san wanda ya aiko da wanda aka aika wa, hatimin ya karantu, a kuma iya bin sawun yadda ta zo hannunka. In wasiƙu ne da yawa na gida ɗaya, kada ka yarda a tsinci mai hatimin a bar maka sauran. Kuma in kayan gado ne, sai duk magada sun yarda a rubuce.