Gudun wayar da kai kan kumburin hanji: ki fara da 'yan gida

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin tambaya ko shirya gudu domin wayar da kan jama'a zai yi amfani, ganin an gano cutar Crohn, wani nau'in kumburin hanji, a jikin ƙaninki, kuma kina fargabar kada 'ya'yanki su gaje ta. Ɗana na fari yana fama da ɗaya nau'in kumburin hanjin, wato kolaitis mai gyambo, kuma mun jima muna fita irin wannan gudu a unguwarmu duk ranar 19 ga Mayu, wadda ita ce ranar cutar ta duniya.

Gudun yana da amfani, amma a ganina amfaninsa mafi girma a cikin dangi yake. A gidajenmu ba a zancen bayan gida mai jini. Wanda ya gani sai ya ce basir ne ko atuni, ya nemi jiƙo ko ya sayi ƙwaya a kemis, ya ci gaba da ramewa ba wanda ya sani. Haka ɗana ya daɗe yana shan maganin taifot da na atuni, kafin likitan hanji ya sa a leƙa babban hanjinsa da kyamara, a yanko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Da muka fito da riguna masu launin shunayya, wanda shi ne launin ranar, dangi suka fara tambayar dalili. Bayan an watse wata gwaggona ta ja ni bayan rumfa, ta rage murya ta ce jikarta tana tashi zawo cikin dare, har siket ɗin makarantarta ya yi mata yawa. Aka kai yarinyar asibiti a makon. Da ba don gudun ba, ban ga ranar da za ta buɗe baki ba.

Game da gado, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne cewa samun mai cutar cikin iyaye ko 'yan'uwa na jini shi ne babban abin da ke ƙara haɗari, domin tsakanin kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na masu ita suna da wani makusanci mai ita. A 2001 aka gano alaƙar ƙwayar gado ta NOD2 da cutar Crohn, daga baya kuma aka gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da kumburin hanji. Duk da haka ba a gadonta kai tsaye kamar sikila, har tagwaye masu kama ɗaya sau da yawa ɗaya ke kamuwa ɗayan ya tsira. Yawancin 'ya'yan mai cutar ma ba sa samunta, balle 'ya'yanki da kawunsu ne mai ita. Ba a kuma ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya. Abin lura shi ne zawon da ya ƙi tsayawa na makonni, jini a bayan gida, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini, da yaron da girmansa ya tsaya. Ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30. Ki kuma sanar da dangi cewa tarin fuka na hanji yana kama da Crohn ƙwarai, shi ya sa shan maganin rage kumburi na prednisolone ba tare da gwaji ba yake da haɗari.

Kafin ki buga riga ko ɗaya, ki nemi yardar ƙaninki. Saurayi ne mai neman aure nan gaba, kuma kin san yadda magana ke yawo. Idan bai so a ambaci sunansa ba, a yi gudun da sunan cutar kawai.

A Amurka gidauniyar Crohn's & Colitis Foundation, wadda aka kafa a 1967, tana horar da masu gudun rabin gudun fanfalaki domin tara kuɗi, amma ke ba sai kin kai can ba. Kilomita 5 ta isa, kuma a bar tsofaffi da yara su taka a ƙafa. Zafin Mayu ba abin wasa ba ne, don haka ku fita da an idar da sallar asuba. Abin da masu shiryawa suka fi mantawa shi ne makewayi, alhali mai wannan cuta idan ta matsa masa ba ya iya jira. Mu mukan bi hanyar tun da wuri, mu roƙi masallatai da gidajen mai su buɗe mana bandakunansu, mu tanadi butoci da ruwan gishiri da sukari. Idan ƙaninki zai shiga, ya fara tuntuɓar likitansa, kada ya yi gudu lokacin da ciwon ya tashi ko jininsa ya yi ƙasa, kuma ya guji ibuprofen da diclofenac don ciwon ƙafa, domin suna iya tayar da kumburin. Idan yana shan taba ya daina, domin tana tsananta Crohn.

Ki gayyaci likita ko nas su yi bayani na minti goma a wurin da za a ƙare, sannan a raba takarda da Hausa mai ɗauke da alamomin cutar da asibitin koyarwa mafi kusa da ake leƙa hanji. Allah ya ba ƙaninki lafiya.