Agogon jiki da nauyin barci: shin gado uzuri ne ga mai makara sallar Asuba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tawa ne, ina karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. An karantar da mu cewa akwai agogo a jikin mutum wanda ƙwayoyin gado ke tafiyar da shi, kuma ƙwayoyin sun bambanta tsakanin al'ummomi saboda yanayin ƙasar da kakanninsu suka zauna ya tace su, abin da ake kira zaɓin ɗabi'a. Ya halatta Musulmi ya gaskata wannan? Na biyu, ni mai nauyin barci ne, haka mahaifina yake, haka aka ce kakana ma. Sau da yawa sai rana ta fito nake sallar Asuba. In gado ne, ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya yi maka albarka ɗana, da ka fito da tambayar maimakon ka bar ta tana cin ka a zuci.

Malamai sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san shi. Agogon jiki tabbatacce ne. A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta, akwai ɗan dunƙule mai ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 wanda ke karɓar labarin haske daga ido ya tsara lokacin barci da farkawa da zafin jiki. A shekarar 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel saboda gano yadda abin ke juyawa a jikin ƙuda: ƙwayar gado tana sa a haɗa wani sinadari, ya taru cikin dare, in ya yi yawa ya tsayar da haɗa kansa, da rana ya narke, sai a koma farko. Zagayen ɗan Adam yakan ɗan haura awa 24, hasken safe ne ke daidaita shi kullum.

To ina bambancin al'ummomi ya shigo? A Tawa yini mafi tsawo wajen awa 13 ne, mafi gajarta kuma ya ɗan haura awa 11. A Faris ta Faransa kuwa yana kai awa 16 a watan Yuni, ya sauko wajen 8 a Disamba, a arewacin Norwe har akwai makonnin da rana ba ta faɗuwa sam. A 2014 masu bincike a Italiya suka duba al'ummomi daga sassan duniya, suka ga wasu nau'o'in ƙwayoyin agogo suna yawaita ko raguwa gwargwadon yadda tsawon yini ke sauyawa a ƙasa. A Shikago kuma an auna, aka samu zagayen agogon Amurkawa masu asalin Afirka ya fi na masu asalin Turai gajarta da kimanin rubu'in awa a matsakaici. Masanan kansu suna jayayya a kan nawa daga wannan tacewar yanayi ce, nawa kuma tarihin ƙaura da auratayya ne ya kawo shi.

Ita tacewar ba baƙuwar manomin Adar, yankin Tawa, ba ce. Da aka kwatanta irin hatsin da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka tattara a ƙauyukan nan a 2003, an ga na baya yana saurin fitar da kai, kuma nau'in ƙwayar gadon da ke jawo haka, wadda aikinta jin haske ne, ya kusan ninkawa. Shekarun fari sun gajarta damina, zangarniyar da ta nuna da wuri ita ta kai rumbu, ita aka sake shukawa. A jikin mutane ma kun karanta amosanin jini: mai ɗauke da ƙwayar guda ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashenmu. Shi ya sa kuma nake roƙon iyaye kullum a yi gwajin jini kafin a ɗaura aure, don in ma'aurata duka suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

Hukuncin tambayarka ta farko: babu laifi ka karanta wannan, ka rubuta shi a jarrabawa, ka gaskata abin da awo ya tabbatar daga cikinsa. Buɗe Suratur Rum. A aya ta 22 Allah Ya lissafa saɓawar harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, a aya ta 23 da ke biye mata Ya lissafa barcinmu da dare da rana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa Allah Ya halicci Adamu daga damƙar da Ya ɗebo daga dukan ƙasa, sai ƴaƴansa suka zo gwargwadon ƙasa, da ja da fari da baƙi da tsaka-tsaki, da mai sauƙi da mai tsauri. Wani mutum kuma da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launi, Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa cewa jijiyar kakanni kan fizgo ɗa. Bambanci da gadonsa duka shari'a ta san da su.

Iyaka biyu nake kafa maka. Ta farko, yanayi sababi ne, ba shi da nufi, ba ya halitta. A Hudaibiyya, bayan ruwan dare, Annabi (SAW) ya faɗa wa sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah ya yi imani, wanda ya jingina ruwan ga tauraro ya kafirce. Imamu Shafi'i ya bayyana cewa wanda ke nufin lokacin da Allah Ya saba saukar da ruwa bai shiga wannan ba. Haka mai cewa tsawon yini ya tace ƙwayoyin gado: in yana nufin sunnar da Allah Ya gudanar, ya faɗi daidai, in yana nufin abin yana tafiya ba Mai tafiyar da shi, ya fita hanya. Ta biyu, wannan bahasi a cikin zuriyar Adamu yake. Halittar Annabi Adamu daga ƙasa, ba uwa ba uba, nassi ne yankakke, rubu'in awa a agogon jiki bai taɓa shi ba. Kuma kada wani ya ɗauki awon nan ya ce ƙabila kaza malalata ce tun asali. Bambancin da ke tsakanin ƴan ɗaki ɗaya a barci ya fi wanda ke tsakanin matsakaicin al'umma da al'umma, kuma ayar Hujurat ta riga ta ajiye fifiko a taƙawa.

Tambayarka ta biyu ta fi damuna, don ita ce ke maimaituwa kowace safiya. Akwai hadisin da ya yi kama da labarin gidanku. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa matar Safwan ɗan Mu'aɗɗal ta kai ƙararsa, cikin ƙorafinta har da cewa ba ya sallar Asuba sai rana ta fito. Safwan ya ce su ƴan gida ne da aka san su da haka, da ƙyar suke farkawa kafin hudowar rana. Annabi (SAW) ya ce masa idan ya farka ya yi salla. Ibnu Hibban da Hakim sun inganta hadisin, wasu malaman hadisi sun yi magana a kansa. Imamu Khaɗɗabi, mai sharhin Abu Dawuda, ya fassara shi da wanda ɗabi'a ta rinjaya har ya zama kamar wanda ya suma. Muslim kuma ya ruwaito cewa babu sakaci a cikin barci, sakaci yana cikin farke, kuma Shaihu Khalil ya lissafa barci cikin uzurorin da ke ɗauke zunubin jinkirta salla. Likitoci ma sun san irin wannan gida: a 2017 ɗakin binciken Michael Young ya gano sauyi a wata ƙwayar agogo mai suna CRY1 wanda ke jinkirta barcin masu ita da awa biyu ko fiye, yana bin dangi.

Amma kafin ka sa kanka a sahun Safwan, ka ji sauran awon. Binciken 2019 da ya duba mutum kusan 700,000 ya gano wurare 351 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da sammako. Tazarar lokacin barci tsakanin waɗanda suka fi kowa tara su da waɗanda suka fi kowa ƙaranci minti 25 ce. Daga ketowar alfijir zuwa fitowar rana a Yamai ko Tawa ya haura awa guda. A wani gwaji na 2013 a Kolorado kuwa, mako guda a daji ba lantarki ya jawo agogon mutane gaba da kimanin awa biyu. Ga galibin mutane haske yana da ƙarfi sosai a kan agogon nan. Na san samartaka tana jinkirta agogo, ya kai ƙarshen jinkirinsa wajen shekara ashirin, na kuma san zafin Afrilu a Yamai, inda katifa ba ta kwantuwa sai dare ya raba. Sai dai saurayin da ke fada ƙarfe ɗaya na dare, butar shayi tana kan gawayi ana jiran na uku, fuskarsa tana haske da waya, bai isa ya kafa hujja da kakansa ba. Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta.

Ka lura da abin da shi kansa ya yi a hanyar dawowa daga Khaibar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Da za su kwanta sai ya ce wa Bilal ya tsare musu dare. Bilal ya jingina da raƙumarsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta buge su. Suka matsa gaba, aka tsayar da salla. An ɗora mai tsaro tukuna, sannan uzuri ya zo.

Saboda haka hukuncinka: in ka kwanta da niyyar tashi, ka sa ƙararrawar waya nesa da shimfiɗa, ka roƙi abokin ɗaki ko maƙwabci ya buga maka ƙofa, barci ya rinjaye ka, babu zunubi a kanka, ka yi salla da zarar ka farka, kada ka jinkirta ta don karin kumallo ko shirin aji. In kuwa hira da waya ne suka ci darenka kana sane da abin da zai biyo baya, har ya zama al'ada, wannan sakacin farke ne, ka tuba. Haramun ne kuma ka koma barci bayan alfijir ya keto ba ka yi salla ba, alhali kana zaton lokaci zai fita. Ka bar shayi mai ƙarfi daga La'asar, ka ajiye waya bayan Isha'i, ka fita cikin hasken safe, ka yi ƙailula gajeriya. In ka lazimci haka makonni abin bai motsa ba, ko kana gyangyaɗi da rana duk da isasshen barci, ka ga likita. Mai gadi da ma'aikacin asibiti da direban dare, hukuncinsu ɗaya da naka wajen riƙon sababi, kuma uzurinsu ya fi naka ƙarfi. Allah ne Mafi sani.