Ɗinya ba ta shiga buhu

Ka tambaye ni kayan da za ka tanada na ɗibar ɗinya, wai kuma ko buhun taki zai yi maka tunda ya fi kwando daɗin ɗaurawa a babur. Don buhun nan kaɗai zan ɓata bakina, yaro.

Ka nemi gora mai kamu 10, ka ɗaure ƙugiyar ƙarfe a bakinta da robar tayar keke. Saƙala reshe ake yi a girgiza. Duka da sanda aikin 'yan makaranta ne, yana zubo da wadda ba ta ƙosa ba, ita kuwa ko wata guda ta yi a ajiye ba za ta yi zaƙi ba. Daga Agusta zuwa Oktoba ake wannan aiki, lokacin da ciyawar fadama ta kai gwiwa, don haka ka sa dogon takalmin roba, ka sassabe gindin bishiyar kafin ka shimfiɗa tamfol. Maciji ba ya sallama. Hawa kuwa ban yarda ba. Icen ɗinya ba shi da taurin tsamiya, reshe mai kaurin cinya sai ya ɓalle da kai. Kada a ce kanya ta nuna biri ya karye.

Sai raɓa ta bushe za ka fara, kuma kada ruwa ya taɓa ta. Baƙa gefe guda, koriya ƙosasshiya gefe guda. Koriyar a tukunya ko rami, da toka, a rufe da ganye, bayan kwana 3 ka leƙa. Yadda ake gane nunanna ba zan koya maka ba, kana da ido.

To, buhu. Wata shekara wani dillali ya karɓi kwando 12 na nunanniyar ɗinya, an tsince ta ɗaya-ɗaya, ya ce kuɗi sai ya dawo daga birni. An ce masa ya tafi da kwandunan, ya ce direba zai caje shi kuɗin wuri. Ya juye ta a buhunan leda, ya ɗaure baki, aka jibga buhunan masara a kai, mota ta kwana a hanya. Nunanniyar ɗinya fatarta siririya ce, naman kuma ɗan kaɗan ne a kan ƙwallo mai tauri. In nauyi ya danne ta, ƙwallon kowace ɗaya shi ke fasa ta kusa da ita. Leda ba ta shan iska, zafi ya taru, ruwan ya yi tsami. Da aka kwance, baƙin kunu ne ke tsiyaya, ko mai dafa maɗi ba ta taya ba. Mutumin nan ya dawo ba kunya ya ce jiƙaƙƙiya aka ba shi. Kuɗin kwando 2 ya ajiye, yana wani cika yana batsewa, ga masu tsinta su 5 suna jiran ladansu. Har yau in na gan shi a kasuwa sai na sauya layi.

Kwando mai faɗi za ka saya, ka shimfiɗa ganye a ciki, zubin kada ya wuce taƙi ɗaya, kada kuma ka ɗora wani a kan wani sai da katako a tsakani. Ku yaran yanzu komai sai wanda babur zai ɗauka a guje. Gobe ka zo da kwando 4, wayar nan kuma ka bar ta a gida.