Tambayoyin Masu Karatu: Ɗana ya ce babu Allah tun da muka tsere daga Umdurman

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Asalinmu daga arewacin Nijeriya ne, mun daɗe a Umdurman, a ƙasar Sudan, kafin yaƙi ya kore mu zuwa Gadarif, inda muka sami mafaka a unguwar 'yan'uwanmu Hausawa. Ɗana na fari, wanda a dā shi yake ba da waƙa a ƙungiyar matasa, ya ga gawar amininsa a yashe a kan titi ranar da muka fito. Tun daga nan ya ce babu Allah, in ma akwai shi, to ba ya jin kukan talaka. Dattawan ikilisiya sun ce in karanta masa Zabura 14, wani kuma ya ce in daina cin abinci tare da shi har ya tuba. Amma kullum da asuba yana fita taimakawa a takiyya, inda ake dafa wa 'yan gudun hijira abinci. Shin ya ɓata ke nan? Me ya kamata in yi? Daga wata uwa a Gadarif.

AMSA: 'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya kuma ta'azantar da iyayen wannan yaro da ya rasu. Zan fara da shawarar dattawa, domin ita ce ta fi gaggawa: kada ki raba kwano da ɗanki, kada kuma ki jefe shi da Zabura 14. Gaskiya ne ayar farko ta kira mai cewa babu Allah wawa, amma wanda ya karanta har aya ta huɗu zai ga su wane ne ake nufi, wato mugaye masu cinye mutanen Allah kamar yadda ake cin gurasa. Wannan siffa ta fi dacewa da waɗanda suka cika titunan Khartoum da gawawwaki tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙin ya ɓarke, fiye da saurayin da yake tashi da asuba domin ya ciyar da mayunwata.

Maganar da ɗanki yake yi tana nan a cikin Littafi Mai Tsarki, daga bakin bayin Allah kansu. Annabi Habakuk ya buɗe littafinsa da tambayar har yaushe zai yi ta kukan zalunci ba tare da Allah ya kawo ceto ba. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu, babu ko kalmar ta'aziyya guda a ƙarshenta, duk da haka ba a cire ta daga littafin addu'ar masu bi ba. Yesu da kansa, yana rataye a kan gicciye, ya ɗaga murya da kalmomin Zabura 22 yana tambayar Allahnsa dalilin da ya sa ya yashe shi, kamar yadda Markus ya rubuta a sura 15. Saboda haka idan ɗanki ya tambaye ki ina Allah yake lokacin da aka harbe amininsa, kada ki yi gaggawar cewa akwai wata hikima a ciki, domin wannan amsa tana ƙona zuciyar wanda ya ga jini da idonsa. Abin da bangaskiyarmu take iya faɗa da gaba gaɗi shi ne, a cikin Almasihu Allah ya shiga wahalar ɗan Adam har aka kashe shi bisa zalunci, ya tashi daga matattu, zai kuma shari'anta kowane jinin da aka zubar.

Ki dubi labarin Toma a Yahaya sura 20. Ya faɗa wa sauran almajirai a fili cewa ba zai gaskata ba sai ya sa yatsansa a gurbin ƙusoshi. Bayan kwana takwas, da Yesu ya sake bayyana, Toma yana nan a cikin ɗaki tare da su, wanda ya nuna cewa babu wanda ya kore shi a cikin wannan mako. Da sun rufe masa ƙofa, da ba ya wurin ranar da Ubangiji ya nuna masa raunukan hannuwansa. Wasiƙar Yahuza, a aya ta 22, ta umarce mu mu ji tausayin masu shakka.

Game da yadda mutum yake zuwa ga bangaskiya, ikilisiyoyi ba su jaddada abu ɗaya ba. Katolika, a babban taron Vatikan na 1870, sun tabbatar da cewa hankalin mutum yana iya sanin akwai Allah ta wurin duban halitta, suna dogara ga Romawa 1:20. Magadan Martin Luther da John Calvin kuwa sun fi nanata cewa zunubi ya ɗaure zuciya, sai Ruhu Mai Tsarki ya buɗe ta. Amma duka ɓangarorin sun yarda da Afisawa 2:8, cewa ceto ta wurin alheri ne, baiwa ce ta Allah, da kuma Yahaya 6:44, inda Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Babu wata koyarwar Kirista mai tushe da ta ce ana fitar da bangaskiya daga zuciyar mutum da yunwa ko da kunyatarwa.

Akwai wata uwa 'yar Afirka da ta riga ki bin wannan hanya. Monika, daga garin Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, ta yi shekaru tana kuka saboda ɗanta Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, ya yi watsi da bangaskiyarta. Ta taɓa roƙon wani bishop ya je ya yi muhawara da shi, bishop ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya saurare ba tukuna, ta dai ci gaba da yi masa addu'a. An yi wa Agustin baftisma a Milan, a ƙasar Italiya, a shekara ta 387, yana da shekara 32, a wannan shekarar kuma Monika ta rasu. A ƙasar da kike zaune ma, Josephine Bakhita, wadda aka haifa a Darfur wajen 1869, an sace ta tana yarinya, aka sayar da ita a kasuwannin bayi na Al-Ubayyid da Khartoum, aka tsattsage jikinta da aska, amma ta karɓi baftisma a Venis ta Italiya a 1890. Ba na kawo waɗannan domin in yi miki alkawarin ranar da ɗanki zai komo ba, domin wannan rana a hannun Allah take, wasu iyaye kuma sun bar duniya ba su gan ta ba. Na kawo su ne domin ki ga cewa shekara ɗaya ko biyu ta rashin bangaskiya ba ta isa a yanke wa mutum hukuncin ɓata ba.

Aikin da yake yi a takiyya kuwa, ki yabe shi a kansa, kada ki mai da shi makamin gardama. Ki ci gaba da addu'ar iyali kamar yadda kuka saba, ki gayyace shi ba tare da tilas ba, in ya ƙi ki ƙyale shi. Ki lura kuma da barcinsa: idan yana firgita da dare, ko yana guje wa duk abin da ya tuna masa da Umdurman, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, to ku nemi likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, domin abin da ya gani yana barin ciwo mai bukatar magani. Dattawa kuma ki gode musu da ladabi, ki roƙe su kada su zo masa a ƙungiya. In akwai ɗaya daga cikinsu mai haƙurin saurare, wanda shi ma yaƙin ya taɓa gidansa, shi kaɗai ya zo, bayan an nemi yardar yaron tukuna.