Tambayoyin Masu Karatu: Wane Intanet Ne Ya Fi Araha a Saka a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce a Kano, kuma mu bakwai ne a gida. Kowannenmu yana sayen data a wayarsa, babban ɗanmu kuma yana jami'a, inda wasu darussan sai ta bidiyo. Da na lissafa abin da muke kashewa a wata, sai na ga gara mu haɗa kuɗin mu saka intanet guda ɗaya. Wasu sun ce mu sayi rauta, wato na'urar da ake saka wa sim ta rarraba intanet ga wayoyin gida, wasu sun ce Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam. Wanne ne ya fi sauƙin kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Lissafin da kika yi daidai ne, domin tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, sayen data kaɗan-kaɗan a wayoyi da yawa ya zama hanya mafi tsada ga iyali. Sai dai ba zan ambata miki kamfani ɗaya in ce shi ne ya fi ba, saboda layin da ke gudu a Tarauni yana iya gagara buɗe shafi a Kurna, kuma datar da aka saya da araha amma ba ta aiki a ɗakinki, kuɗinta asara ne.

Saboda haka gwaji ne farkon aiki, kafin a sayi kowace na'ura. A gida mai mutum bakwai da wuya a rasa layin MTN da Airtel da Glo, wataƙila har da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025. Ki saka data kaɗan a kowanne, ki buɗe shafin fast.com, zai nuna miki saurin layin cikin 'yan daƙiƙu. A yi gwajin a daidai ɗakin da za a ajiye rautar, ba a ƙofar gida ba, domin bangon siminti da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. Kuma a yi shi tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, lokacin da duk unguwa ta hau kan ƙarfen sabis ɗaya, a maimaita kwanaki uku ko huɗu. Sakamakon da aka samu da asuba yana ruɗar mutum, tun da a lokacin yawancin jama'a ba sa kan layi. Bidiyo mai kyan hoto yana buƙatar kimanin megabit 5 a daƙiƙa, don haka idan mutum uku za su kalla a lokaci guda, ki nemi layin da ba ya sauka ƙasa da 15 da yamma. Ki kuma tambayi maƙwabtan da suka riga suka saka, musamman a kan yadda sabis ɗinsu yake idan an yi ruwan sama ko an daɗe ba wuta.

Bayan gwaji sai sanin yawan datar da gidan ke ci. Kowace waya tana nuna abin da ta ci a wata a sashen saituna, sai a haɗa na kowa. Ki ƙara wani abu a kan jimillar, domin da zarar yara sun ga intanet a gida, cinsu zai ƙaru. Saƙonnin WhatsApp da karanta labarai ba sa cin komai idan aka kwatanta da bidiyo, wanda awa ɗaya tasa kan cinye daga rabin gigabait zuwa gigabait 3, gwargwadon kyan hoton. Darussan ɗanki suna cikin wannan rukuni, kuma rage kyan hoton YouTube zuwa 480 yana sauƙaƙa cin data sosai ba tare da rubutun allo ya ɓace ba.

Game da rauta, akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Wadda kamfanin layi yake sayarwa da rahusa, sau da yawa a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin wani kamfani. Wadda ba a kulle ba, irin da ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre, ta fi tsada a ranar saye, amma idan sabis ya lalace a unguwarku, sim kawai za ki canza. A ganina wannan 'yancin ya cancanci ƙarin kuɗin. Kada kuma ki biya kuɗin rautar 5G sai kin tabbatar 5G ɗin ta iso unguwarku, domin ko da yake MTN ta fara ta a 2022, Airtel kuma a 2023, ba kowace unguwa ta samu ba. Ki duba ko rautar tana da batir, ko a haɗa mata ƙaramin batirin ajiya, don kada darasi ya yanke duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Idan akwai kamfanin da ya jawo wayar faiba, wato wayar intanet da ake jawowa har cikin gida, zuwa unguwarku, to ki ba shi muhimmanci, domin faiba ta fi kowace hanya tsayuwa a kan sauri ɗaya, kuma ga gida mai yawan kallon bidiyo takan fi araha a kan kowane gigabait. Matsalarta ita ce ba ta kai ko'ina ba, kuma akwai kuɗin jawowa.

Starlink kuwa, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ban ga ya dace da buƙatarki ba. Kayansa kaɗai dubban ɗaruruwan naira ne, kuɗin watansa ya sha canzawa, kuma yana cin wuta ninkin-ba-ninkin abin da rauta ke ci, wanda ke nufin sai da sola ko inbata mai ƙarfi. Amfaninsa ya fi fitowa a ƙauye ko gona inda babu ƙarfen sabis ko kaɗan.

Idan kin zo kwatanta farashi, ki yi lissafin shekara guda: kuɗin na'ura, da na jawowa idan akwai, da kuɗin wata sau 12. Sannan ki fara da biyan wata ɗaya tak, ko da an yi miki tayin rangwame a kan wata uku ko shida.

Tambaya: Na sayi tsarin da aka ce ba shi da iyaka, amma bayan mako biyu saurin ya ragu har bidiyo ba ya buɗewa. Shin an cuce ni ne? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, yawancin tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka suna da sharaɗi a ƙasan tallar, cewa idan ka kai wani adadin gigabait za a rage maka sauri har ƙarshen wata. Ka koma ka karanta sharaɗin tsarinka, ka duba abin da ka ci ta lambar *323#, wadda duk layukan Najeriya ke amfani da ita tun da aka daidaita lambobi a 2023. Idan ka riga ka kai adadin, to abin da ka saya ke nan, kuma a wata mai zuwa sai ka tambayi adadin da kuma saurin da za a bar maka kafin ka biya. Idan kuwa ba ka kai ba, ka kira 300 ka shigar da ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye tare da hoton sakamakon gwajin saurinka. In ba su gyara ba, ka kira NCC kyauta a 622, ka ba su lambar ƙorafin naka.