Amsar Kawu kan zaɓen jami'a

Wa'alaikumus salam Mamana. Naga saƙonki tun jiya, na bari ne sai na samu natsuwa don tambayar taki ba ta amsar layi biyu bace. Kince jami'o'i biyu sun baki admishan, ɗaya tana can sama a jerin da ake cema rankin amma kuɗinta ya kusa ninka na ɗayar sau uku, ita ɗayar kuma ba'a cika jin sunanta ba amma sun yafe miki rabin kuɗin makaranta, shine kike tambaya wai da gaske ne a al'ada ba'a ƙin babbar makaranta ko da bashi za'a ci, kuma ko zai zama rashin kunya in kika cema Babanki ke ƙaramar kikeso.

Abinda aka saba tun fil azal shine yaro yayi shawara da manya kafin ya yanke abu mai nauyi, balle ma su zasu biya, wannan kam yana nan daram kuma gashi kinayi. Amma wai dole sai wadda take saman jeri, wannan ba al'adar kowa bace, shi kanshi jerin ai kwanan nan aka ƙirƙiro shi. Mujallar US News ta Amurka ce ta fara nata a 1983, na duniya gaba ɗaya kuwa sai 2003 wata jami'a a Shanghai ta fara fitarwa, su kamfanin QS da mujallar Times Higher Education na Birtaniya suka biyo baya a 2004, lokacin ma tare suke aiki kafin daga baya kowa ya kama gabansa. Kinga malaman da suka koyar da malamanki duk ba da jerin nan suka zaɓi makaranta ba, kuma sunyi karatu.

To me ma suke aunawa? Na Shanghai kashi 30 cikin 100 na makin daga lambar yabo ta Nobel ne da ta Fields wadda ake ba masana lissafi, wato malamai ko tsofaffin ɗalibai nawa suka taɓa ci, wani kashi 20 kuma maƙalu nawa aka buga musu a mujallun Nature da Science. Su QS kusan rabin makinsu ra'ayi ne, ana tura ma malamai da masu ɗaukar ma'aikata tambaya su faɗi makarantun da suke ganin sunfi, to mutum ai sunan da ya saba ji zai faɗa. Ba wanda a cikinsu yake shiga aji ya zauna yaji ko lakcaran ya iya bayani. Farfesan da ya jawo musu makin ma watakila har ki gama ba zai taɓa tsayawa gabanki ba, yana can ɗakin bincike da ɗaliban digiri na uku, ke ƴar shekarar farko kina can bayan babban hol kina leƙen allo.

Kuma da yawan alƙaluman makarantun ne da kansu suke bayarwa. A 2022 wani malamin lissafi na jami'ar Columbia ta Amurka, Michael Thaddeus, ya zauna ya bi alƙaluman da jami'arsu ta bayar, irin su yawan ɗalibai a aji, yaga basu daidaita ba, jami'ar daga baya ta amsa cewa akwai kuskure, sai gata daga ta 2 ta koma ta 18 a jerin US News. Ginin nan dai shine, malaman nan dai sune. Jami'ar Utrecht ta Holan ma a 2023 cewa tayi bata ƙara bada bayananta ga Times, ta fita abinta.

Kar kice nace suna banza ne fa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun buga wani bincike a 2002, suka duba ɗaliban Amurka da manyan jami'o'i suka ɗauka amma suka tafi wadda bata kai ba, sai suka ga daga baya albashinsu kusan ɗaya ne da na waɗanda suka shiga manyan, wato yaron ne mai ƙoƙari tun asali. Sai dai sun ga ƴaƴan marasa ƙarfi sunfi cin moriyar babbar makaranta, kuma wannan da ma'ana, wanda bashi da kowa makarantar ce take zame mishi hanyar sanin mutane. Shiyasa nake cewa kafin ki juya musu baya ki rubuta ma masu tsadar nan wasiƙa, ki gaya musu wasu sun rage miki rabi, ki tambaya ko suna da tallafi. Ba roƙo bane, ofishi guda suke dashi don wannan aikin, Harvard ma a 2025 ta sanar cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 200,000 a shekara ba ba zasu biya kuɗin karatu ba. Wani lokacin mai tsadar a takarda itace mai sauƙi in an zo biya.

In sun ce babu, to ki ɗauko biro da takarda. Kar ki lissafa shekarar farko kaɗai, nan ne mutane suke rufta, ki lissafa duk shekarun har ki gama, kuɗin makaranta da hostal da ci da sha da littattafai da zirga-zirga, ki ƙara wani abu a kai don kuɗin makaranta hawa yake baya sauka, in kuma da kuɗin wata ƙasa za'a biya to canji ma baya jiran kowa. Abinda nafi tsoro wlh shine a fara da ƙarfi a kai shekara ta uku aljihu ya ƙafe, ba'a gama ba ba'a fasa ba, a nemi takardar sakamako don a canza makaranta ace sai an biya abinda ake bi. Ga ƙannenki a baya suna tasowa, suma haƙƙinsu yana cikin aljihun nan ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ita ma mai sauƙin kar ki rufe ido ki faɗa. Ki karanta takardar sikolaship ɗin da kyau, na shekara ɗaya ne ko har ƙarshe, kuma akwai makin da in kika faɗo ƙasa dashi zasu janye? Ki tabbatar kwas ɗinki hukumar dake tantance jami'o'i ta amince dashi, in aikin mai lasisi ne kamar likitanci ko lauya ko injiniya to ƙungiyar masu sana'ar ma ta amince. Sannan ki nemi ɗalibai biyu ko uku ƴan shekarar ƙarshe a sashen da zaki shiga, sashen fa ba jami'ar gaba ɗaya ba, ki tambayesu su nawa ne a aji, kayan ɗakin gwaji suna aiki ko ado ne, ana gamawa akan lokaci, waɗanda suka fita bara suna ina yanzu. Ɗalibi ɗan shekarar ƙarshe baya ɓoye komai, ya gaji.

Ni dai ra'ayina in amsoshin nan sun fito da kyau ki ɗauki mai sauƙin, ki dage ki fito da sakamako mai ƙarfi, in sunan ne yake ranki ki nemeshi a mastas, shekara ɗaya ce ko biyu kuma da sakamako mai kyau ake neman tallafinta.

Maganar Babanki kuwa, shi alfahari yakeyi dake shiyasa, kuma bazai taɓa buɗe baki yace bazai iya ba. Kar ki tada zancen a gaban mutane, ki sameshi shi kaɗai ki miƙa mishi lissafin ki barshi ya karanta da kanshi, kar ki cika shi da bayani. Ni zan kirashi bayan kinyi hakan, ba kafin ba. Ki turo min hoton takardun admishan ɗin duka biyu da ta sikolaship ɗin yau in Allah ya yarda, inaso inga ranar da suka ce a basu amsa.